Shin Wanda Aka Buɗe Wa Zuciya Ana Iya Rufe Masa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, ƴan'uwana a cikin addini, na nan Maraɗi da kewaye da duk inda Allah Ya nufa wannan rubutu ya isa.

Makon jiya, bayan an sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu, wani saurayi da na saba gani a sahun gaba tun watan azumin da ya wuce ya biyo ni har bakin zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya yi shiru kamar mai neman ta inda zai kamo magana. Na ce masa, "Ɗana, faɗi abin da ke tafe da kai." Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a goman ƙarshe na azumi na sami wani abu a zuciyata wanda ban taɓa sanin akwai irinsa ba. Idan liman ya fara karatu sai in ji kamar da ni kaɗai ake magana, hawaye su yi ta zuba ban neme su ba, duniya da abin da ke cikinta su koma kamar ƙurar hanya a idona. Na ɗauka ke nan na isa. Yau ga shi wata huɗu da Sallah, ina yin kabbara ina lissafin kuɗin kaya, ina sallamewa ban san surar da aka karanta ba. Baba, ƙwace mini aka yi, ko dama can ba a ba ni komai ba?"

Na ba shi amsar da ta samu a tsaye, amma tambayar ta kwana tare da ni, domin na san ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba. Mutanen ɗarika suna kiran abin da ya ji fathi, ko buɗi, ko ma'arifa, waɗanda ba sa amfani da waɗannan kalmomi kuma suna ce masa zaƙin imani ko hasken zuciya. Ba rigimar suna ta sa na ɗauki alƙalami ba, mun sha wannan rigima a garin nan har ta raba ƴan gida ɗaya. Abin da nake so mu duba tare shi ne, idan Allah Ya kunna wa bawa wannan fitila a cikin ƙirjinsa, ta zama mallakarsa har abada, ko kuwa tana iya mutuwa a hannunsa?

Alƙur'ani bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. A cikin Suratul A'araf, aya ta 175, Allah Ya umarci Annabinsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karanta wa mutane labarin wani mutum wanda Ya ba shi ayoyinsa, sai ya saɓule daga gare su, Shaiɗan ya bi bayansa, ya zama cikin ɓatattu. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce Bal'amu ɗan Ba'ura ne na zamanin Annabi Musa, mutumin da aka ce addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Kalmar da aka yi amfani da ita a ayar, wato insalaha, daga fiɗar dabba aka ɗauko ta, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci ranar Layya ya san yadda abin yake: ana yanka ɗan wuri kaɗan, a cusa hannu tsakanin fata da nama, a yi ta bi sannu a hankali har gangar jikin ta fito tsirara, kafin ka farga ƙuda ya sauka a kanta, ƙura ta manne mata. Haka ilimin mutumin nan ya kasance masa sutura da kariya, da ya fita daga cikinsa sai Shaiɗan ya same shi a fili. Ku lura kuma da yadda aka tsara maganar, bayarwar Allah Ya jingina ta ga kansa, saɓulewar kuwa Ya jingina ta ga bawan. A ayar da ke biye Ya faɗi dalili, cewa da Ya so da Ya ɗaukaka shi da ayoyin, amma shi ne ya karkata ga ƙasa ya bi son zuciyarsa.

Iblis ma ba jahilci ne ya kayar da shi ba. Yana cikin taron da aka umarta da sujada, ya san Ubangijinsa sanin da ba shakka a cikinsa, har bayan an la'ance shi da "Rabbi" ya buɗe baki yana neman a jinkirta masa. Sanin ya saura a tare da shi, hasken ne ya tafi, kuma kalma ɗaya ta raka shi, "ni ne mafi alheri daga gare shi." Wannan yana tsoratar da ni fiye da labarin Bal'amu, domin yana nuna cewa mutum yana iya ci gaba da zuba bayanin ma'arifa a bainar jama'a, harshensa na nan daram, masu sauraro na kabbara, alhali abin da ke ciki ya daɗe da yin ƙaura.

In da shiriya kadara ce da ake yanka wa takarda a ajiye a cikin adaka, da masu zurfin ilimi ba su roƙi abin da suka roƙa ba a farkon Suratu Ali Imrana, aya ta 8: "Ya Ubangijinmu, kada Ka karkatar da zukatanmu bayan Ka shiryar da mu." Kalmar "bayan" ita ce wurin dubawa. Sun riga sun shiryu, Allah da kansa Ya shaide su da kafuwa a cikin ilimi, duk da haka ba su saki jiki ba. Uwar muminai Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labari cewa addu'ar da Annabi ya fi yawan yi idan yana ɗakinta ita ce, "Ya Mai jujjuya zukata, Ka tabbatar da zuciyata a kan addininka," da ta tambaye shi dalili sai ya shaida mata cewa babu wani ɗan Adam face zuciyarsa tana tsakanin yatsu biyu daga yatsun Allah, wanda Ya so Ya tsayar, wanda Ya so Ya karkatar. Annabi Ibrahim, wanda ya farfasa gumaka da hannunsa aka jefa shi wuta saboda haka, shi ne kuma ya roƙi Allah Ya nisantar da shi da ƴaƴansa daga bautar gumaka. To wane ne ni, wane ne kai, da za mu miƙe ƙafa saboda hawayen dare goma?

Sai dai adalci ne in kawo ɗaya ɓangaren, domin akwai shi, kuma masu shi ba ƙananan mutane ba ne. A farkon Sahihul Buhari akwai hirar Hiraƙla sarkin Rum da Abu Sufyan tun kafin ya musulunta, inda sarkin ya tambaye shi ko akwai wanda ke fita daga wannan addini don ƙin sa bayan ya shiga, Abu Sufyan ya ce babu, sarkin ya ce haka imani yake idan daɗinsa ya gauraya da zukata. Ana kuma rawaito wa wasu magabatan sufaye maganar cewa duk wanda ya koma, daga hanya ya koma, da ya isa da bai koma ba. Suna kafa hujja da cewa abin da ido ya gani ba ya komawa bai gani ba, kuma Allah Ya ce waliyyansa babu tsoro a kansu, ba kuma za su yi baƙin ciki ba. Ni ban musa wannan ba, na yarda akwai bayin da Allah Ya riƙe su riƙon da ba Ya saki. Tambayata ɗaya ce: wa ya shaida maka kana cikinsu? Ayar Suratu Yunus ɗin nan ta 62 ba ta tsaya ba sai da ta 63 ta bayyana su, waɗanda suka yi imani kuma suka kasance suna taƙawa, wato abin da suke kai kullum, jiya da yau da gobe. Hadisin ƙudusi na waliyyai ma haka ya zo, "bawana ba zai gushe ba yana kusantata da nafilfili har in so shi." Wanda bai gushe ba ake nufi, ba wanda ya taɓa yi shekarun baya ya rataye tasbaha ba.

Yaranmu na makarantun Islamiyya suna haddace hadisi na huɗu a cikin Arba'una, hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda ke cewa mutum zai yi ta aikin ƴan Aljanna har ya rage zira'i ɗaya tsakaninsa da ita, sai littafi ya rigaye shi, ya yi aikin ƴan wuta ya shige ta, wani kuma akasin haka. A hadisin Sahlu ɗan Sa'ad an ƙara bayani cewa aikin ƴan Aljannar nan a ganin mutane ne, sannan aka ce ayyuka da ƙarshensu ake duba su. A nan ne nake ganin maganganun biyu suka haɗu. Wanda ya ce mai isa ba ya komawa ya yi gaskiya a cikin sanin Allah, wanda ya ce ana iya ƙwacewa ya yi gaskiya a cikin abin da bawa ke iya sani game da kansa, tun da babu mai riƙe da shaidar isa matuƙar yana numfashi. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, a wannan sha'ani kuwa arba'in ma ba ta isa ba, sai an ga yadda aka cika. Ƴan'uwanmu Tijanawa sun san cewa cikin sharuɗɗan da ake karanta wa mai karɓar wuridi akwai kada ya amince wa makarun Allah, wanda kuma bai shiga ɗarika ba ya san ayar A'araf ta 99 da ta ce babu mai amince masa sai mutane masu hasara. Ko a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kusan duk wanda ya zauna a zauren malami a ƙasar nan ya biya babinta na farko, an ce imani yana ƙaruwa da ƙaruwar ayyuka, yana raguwa da raguwarsu. Abin da ke raguwa ba a barinsa ba mai tsaro.

Duk wannan bai amsa wa saurayin nan tambayarsa ba tukuna, domin ba kowace bushewa ce ƙwacewa ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke halaka kansu da yanke ƙauna. Mu da muka tashi a bakin gulbi muna da misali a ƙofar gida. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya ya shigo mana, ya wuce ta Tsibiri, sannan ya sake komawa Nijeriya. A tsakiyar damina za ka same shi ya cika yana ruri, yana tafe da itatuwa da karan gero, babu mai iya tsallaka shi da ƙafa. Ka dawo wurin nan da rani, sai rairayi fari fat, amalanke na bi ta tsakiyarsa, yara na wasa a inda jiya raƙumi ba zai tsaya ba. Baƙon da ya zo a watan Maris zai rantse cewa ruwa bai taɓa bi ta nan ba. Amma mai lambu ya san abin da baƙo bai sani ba, ya san ruwan da ya wuce ya bar rabonsa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake gina rijiya a fadama ya shayar da albasa da tumatir da zogale a lokacin da sama ba ko ɗigon girgije. Malaman tarbiyya sun raba tsakanin hali da maƙami a kan irin wannan. Imamul Ƙushairi, wanda ya rasu a shekara ta 465 bayan Hijira, ya kawo cewa halaye kyauta ne, maƙamai kuwa da aiki ake samun su. Hali shi ne cikar gulbi, yana zuwa ba da kiranka ba, yana tafiya ba da sallamarka ba. Maƙami shi ne ruwan da ya zauna a ƙasa, tuba da haƙuri da tsantseni da dogaro ga Allah, wanda sai ka gina, ka sa guga, ka ja da ƙarfinka.

Ba ma alheri ne ga bawa gulbi ya yi ta cika ba iyaka. Dattawanmu suna ba da labarin shekarar 1945, lokacin da ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka tashi aka dawo kan tudun da muke zaune yau. Hali mai ƙarfi idan ya sauka a zuciyar da ba ta da ganuwar ilimi da ladabi, yakan tafi da gidan gaba ɗaya, mutum ya bar sana'a, ya bar iyali cikin yunwa, ya riƙa furta maganganun da suka fi ƙarfin bakinsa. Sau da yawa janyewar da kake kuka da ita rahama ce aka yi maka. Hanzala, ɗaya daga marubutan Annabi, ya taɓa fita yana cewa Hanzala ya yi munafunci, domin a gaban Annabi kamar yana ganin Aljanna da wuta da idonsa, idan ya koma cikin mata da ƴaƴa da gonaki sai ya manta da yawa. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin irin haka, suka tafi tare. Annabi bai ce musu an ƙwace muku ba, cewa ya yi da za su dawwama a kan yadda suke a wurinsa da mala'iku sun yi musafaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, "sai dai, ya Hanzala, sa'a da sa'a," har sau uku. Muslim ne ya rawaito shi.

Abin tsoron yana wani wuri dabam, kuma zan faɗe shi daga abin da ya same ni, domin na ɗanɗana. Ina da ƙuruciya Allah Ya hore mini tsayuwar dare, na yi shekaru ba na bari alfijir ya same ni a kwance, ina jin daɗin da har yau ban sami abin kwatanta shi ba. A shekarar 1994, bayan an karya darajar sefa, na shiga fataucin wake zuwa Nijeriya ta hanyar Ɗan Isa, kasuwa kuma ta buɗe mini. Babu ranar da na zauna na yanke shawarar barin komai. Daren farko gajiyar hanya ce, na ce gobe zan rama. Bayan wata guda raka'a takwas ta koma biyu, biyun ta koma wuturi kafin barci. Sai na fara rantsuwa a kan farashin da na san ba shi na saya ba, ina ce wa kaina kowa ma haka yake yi. Sai na daina duba ko tiyar da nake aunawa da ita in zan sayar daidai take da wadda nake aunawa in zan saya. Na kai kusan shekara biyu a haka, abin da ya fi muni kuma shi ne babu abin da ke damuna, ina ci ina ƙoshi, ana kirana Malam ina amsawa, har nasiha nake yi wa na ƙasa da ni a kan falalar tsayuwar dare. Annabi ya gargaɗi Abdullahi ɗan Amru da kada ya zama kamar wane, wanda ya kasance yana tsayuwar dare sannan ya bari. Na sha karanta hadisin nan ban taɓa zaton ni ne wanen ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Hadisin Abu Huraira da Tirmizi ya rawaito ya bayyana yadda abin ke tafiya, cewa idan bawa ya yi zunubi sai a ɗiga baƙin ɗigo a zuciyarsa, in ya tuba a goge, in ya ƙara a ƙara har ya rufe zuciyar, kuma wannan shi ne tsatsar da Allah Ya ambata a aya ta 14 ta Suratul Muɗaffifina. Ina so ƴan'uwana ƴan kasuwa su tsaya a nan. Surar da ta yi maganar tsatsar zuciya ita ce surar da ta buɗe da azaba ga masu tauye mudu, waɗanda in za su auna daga mutane suna cikawa, in za su auna musu suna ragewa. Mu garinmu garin ciniki ne, da shi aka san mu tun zamanin gyaɗa, saboda haka mafi yawan hasken da ke mutuwa a Maraɗi ba a masallaci yake mutuwa ba, a bakin buhu da sikeli yake mutuwa, da cikin bashin da aka ci aka ƙi biya alhali akwai halin biya, da haƙƙin yaron shago da aka danne. Yanzu kuma ga wayar hannu ta ƙara tata ƙofar, ido na kiwo a inda bai kamata ba har tsakar dare, da asuba a ce ba a san abin da ya sa sallah ba ta da ɗanɗano ba.

Akwai wata ƙofar da ta fi waɗannan siriri, ita ce jiji da kai. Mutum ya sami ɗan buɗi, maimakon ya ɓoye shi kamar yadda ake ɓoye cikin fari, sai ya kai shi dandali, ya riƙa ba da labarin mafarkinsa a Facebook, yana duban sauran masallata a matsayin makafi. Daga nan wasu ke zarcewa har su ce sun kai matsayin da sallah da azumi suka faɗi a kansu, suna jan ayar ƙarshe ta Suratul Hijri, "ka bauta wa Ubangijinka har yaƙini ya zo maka," alhali malaman tafsiri sun ce yaƙini a nan mutuwa ce, kuma wanda aka saukar wa ayar bai bar sallah ba har cikin ciwon ajalinsa, ana riƙe da shi ta gefe biyu aka kai shi masallaci. An taɓa faɗa wa Junaidu na Bagadaza, wanda sufaye ke kira shugaban jama'arsu, irin wannan da'awa, sai ya ce wanda ke sata yana zina ya fi mai wannan magana kyawun hali. Mai irin wannan ruɗi yakan ga ƙofofin duniya na ƙara buɗe masa, mabiya na ƙaruwa, kyaututtuka na shigowa, ya ɗauka alamar yarda ce, bai san talala aka yi masa ba, abin da Alƙur'ani ya kira istidraji.

To da me bawa zai bambanta bushewar rani da cikewar rijiya? Ibn Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 709 bayan Hijira, ya faɗa a cikin Hikam cewa daga alamomin mutuwar zuciya akwai rashin baƙin ciki a kan ɗa'ar da ta kuɓuce maka, da rashin nadama a kan kuskuren da ka aikata. Wannan ma'auni shi na ɗora wa saurayin nan. Na ce masa, "Ɗana, mutumin da aka ƙwace masa ba ya baro shimfiɗarsa cikin sanyin asuba ya biyo tsoho yana tambayar ina haskensa ya tafi. Gawa ba ta jin zafin wuƙa. Wannan raɗaɗin da ya kawo ka, daga hasken ya fito." Sannan na tambaye shi abin da ya fi hawaye muhimmanci: ya bar sallar jam'i? Ya ce a'a. Akwai haƙƙin wani a wuyansa? Ya yi shiru, can ya ce akwai kuɗin wani abokin cinikinsa da ya daɗe yana ja masa rai. Na ce masa ya fara daga nan kafin ya nemi komai.

Ni kaina a haka aka ceto ni. Wata safiya cikin hunturu na je gaida malaminmu na zaure, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa, bayan na daɗe ina ƙaurace masa don kunya. Ya dube ni bai ce komai ba, sai da na gaji na amayar masa da duk abin da ke cikina, na ce, "Allah gafarta Malam, wutata ta mutu." A ƙofar zauren akwai tokar wutar da almajirai suka yi karatun dare a kanta, ta yi fari, iska na kwasarta. Ya miƙo mini kara ya ce in tona. Na tona sama ba komai, na ƙara nutsawa, sai ga wani ɗan garwashi bai fi ƙwayar dabino ba, ja wur a ƙarƙashin toka. Na yunƙura zan jawo wani gungumen icce da ke gefe, ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Kashe shi za ka yi. Karmami ake fara sa masa, sannan ƙirare, a hura a hankali." Ya umarce ni in mayar wa mutane abin da na san na tauye musu gwargwadon iyawata, in riƙe raka'a biyu kacal kafin alfijir, kada in ƙara a kansu sai na yi kwana arba'in ban fasa ba, in kuma daina yi wa kowa wa'azin tsayuwar dare har sai ya ba ni izini. Ba zan ce muku abin da na rasa ya dawo yadda yake a da ba, wani abu daga cikinsa har yau ina nemansa, amma abin da ya dawo ya zo da tsoron da na farko ba shi da shi, kuma ba zan musanya wannan tsoro da komai ba.

Wanda ya ji a jikinsa cewa nasa ya wuce bushewa, rijiyar ce ta cike da ƙasa, shi ma kada ya ce an gama da shi, domin rijiya ana yashe ta. A Suratul Hadid, aya ta 16, Allah Ya yi wa muminai faɗa, Ya tambaye su ko lokaci bai yi ba da zukatansu za su rusuna ga ambatonsa, kada su zama kamar mutanen littafi da zamani ya yi musu tsawo zukatansu suka ƙeƙashe. Ibn Mas'ud ya ce tsakanin musuluntarsu da wannan faɗa shekara huɗu ce kawai. Sahabbai ke nan, Annabi na raye a cikinsu. Amma ayar da ke biye nan take cewa ta yi ku sani Allah Yana rayar da ƙasa bayan mutuwarta, kuma ba mu ne za a koya wa ma'anar wannan ba, mu da ke ganin jigawar da ta ƙone ƙurmus da bazara ta yi kore shar mako biyu bayan ruwan shuka.

Saurayin nan ya ce mini kafin ya tafi, "Baba, to yaushe mutum zai huta da wannan fargaba?" Na ba shi labarin Imamu Ahmad ɗan Hambali, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 241 bayan Hijira, bayan ya sha bulala da kurkuku a kan gaskiya bai tanƙwara ba. An rawaito daga ɗansa cewa lokacin da ajali ya matso yana suma yana farfaɗowa, sai aka ji yana cewa, "A'a, tukuna. A'a, tukuna." Da ya farfaɗo ɗan ya tambaye shi, "Baba, mene ne wannan da kake ta faɗa?" Ya ce Iblis ne ke tsaye kusa da shi yana cizon yatsa yana cewa, ka kuɓuce mini ya Ahmad, shi kuwa yana mayar masa da cewa tukuna, sai na mutu. Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, ya gyara hularsa, ya ce zai biya ta wurin mutumin nan da ke bin sa kuɗi kafin ya buɗe shago.